Kwana Taran da Na Rubuta wa Alhusaini

Kun taso kuna jin cewa ni na fitar da Alhusaini direba daga hannun masu kaki a Arlit. Mahaifiyarku Rabi ta gaya muku haka, matarsa Tekna ta gaya wa nata 'ya'yan haka, ni kuma duk lokacin da aka ɗauko zancen sai in sunkuyar da kai in ce Allah ne ya yi, ku kuwa ku ɗauka tawali'u ne. Ba tawali'u ba ne, kunya ce. Ba ni na fitar da shi ba, da hannuna ma aka shigar da shi. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, to nawa dai ya yi tsawo har na tsufa a cikinsa. Ku daure ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ɗauki waya ya kira ɗan'uwansa.

Na baro Damagaram na je Arlit lokacin da garin ke tashe, lokacin da ko mai sayar da goro ya san darajar uraniyom. Amma shekarar da nake nufi, kasuwar ta riga ta faɗi. Kamfaninmu ƙarami ne, yana tuƙa manyan motocin ma'adinai yana gyara su, ba sai na kama sunansa ba tunda ya daɗe da rufewa. Kowace safiya a bakin garaji zance ɗaya ake yi, za a rage ma'aikata, wa zai tafi wa zai saura. Damina ta gaza shekara biyu a jere, mutanen daji sun yi ta kwararowa gefen gari da 'yan awakin da suka rage, suna kafa rumfunan tabarma a unguwar Bukoki. A duwatsu kuma tawaye ya tashi, mota ba ta fita sai cikin ayari da rakiyar soja. Kowa yana kallon kowa ta gefen ido, musamman wanda ya naɗa rawani yana Hausa da harshen Abzin.

A biro, wato ofishin da ke kula da ma'aikata, mu biyu ne. Babba shi ne Malam Illa, mutumin Tawa, wanda ya girme ni da shekara ashirin da wani abu, sai ni mataimakinsa, da takardar lakwal, wato makarantar boko, da tabarau da ganin kai. Aikinmu rubuta wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba. Kowane ma'aikaci yana da katinsa a cikin akwatin katako mai tsawo, gaban katin na kamfani ne, bayansa na Malam Illa. Idan labari ya zo wa mutum daga daji, mutuwa ce ko ƙaura ko rijiya ta ƙafe, sai ya zo taga ya faɗa, ya kama sunan wanda zai riƙe masa motarsa. Malam Illa zai kira mai riƙon ya ji daga bakinsa, sannan ya juya katin ya rubuta da fensir, wane ya tafi Gugaram kwana kaza, wane ya riƙe masa. Mota ba ta taɓa kwana don wannan ba, kaya bai taɓa makara ba. Darekta ya sani bai sani ba, tunda aiki na tafiya. Ni kuwa abin yana ba ni haushi, ina ganinsa aikin ƙauyanci, har nakan ce wa mahaifiyarku ofishinmu ya fi kama da zauren mai unguwa.

Ana nan sai aka kawo na'ura, wadda muke kira ordinater, ku kuke cewa kwamfuta. Tare da ita aka turo wani bature daga babban ofishi, aka ba shi mako uku ya kafa ta ya koya mana. Malam Illa ya zauna gabanta sau ɗaya, ya danna da yatsa ɗaya kamar mai taɓa tukunya ya ji ko ta huce, ya tashi ya ce a bar wa masu tabarau. Ni kuwa na kama ta da hannu bibbiyu. A cikinta kowace rana tana da gida huɗu, dole ka sa mutum a ɗaya: ya zo aiki, yana hutu, yana ciwo, ko ya ɓace ba dalili. Hutu sai da takardar da aka sa wa hannu tun kwana goma sha biyar da suka wuce, ciwo sai da takardar likita. Idan wata ya ƙare aka rufe shi, ba mai iya sake komai a ciki.

Ina so ku yi wa baturen nan adalci, don na sha ɗora masa laifin a zuciyata kuma ba shi da shi. Mutum ne mai haƙuri. Ya ɗauki katunan yana juyawa, ya ga rubutun fensir, ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce shirmen tsoho ne. Bai gamsu ba. Ya ce mini duk inda ya je ya kafa irin wannan na'ura, abin da ke bayan takarda shi ne ainihin aikin, kuma kafin ya tafi zai iya ƙara gida na biyar, na wanda ya tafi da sanin biro wani ya riƙe masa, in dai na rubuta buƙata darekta ya sa hannu. Ya kuma ba da shawara a fara da makanikan garaji kawai, a bar kati da na'ura su yi tafiya tare wata uku, a ga inda suka saɓa, sannan a shigo da direbobi. Malam Illa bai jin faransancinsa duka, amma ya fahimci wannan. Da baturen ya fita cin abinci ya jawo kujera kusa da ni.

"Sanusi, ka ji abin da Nasara yac ce. Ba a yada tsohon guga sai sabo ya sha ruwa. Wanga abu naka bai san mutum na da uwa ba. Bari su tahi tare, ko wata ukku."

Na ce masa na ji. Washegari na shiga wurin darekta na ce gida huɗu sun isa, kuma zan iya juya kamfanin duka zuwa na'ura ranar ɗaya ga wata, ba sai an ɓata wata uku ba. Darekta ya ji daɗi, don babban ofishi na matsa masa ya nuna ya rage kashe kuɗi. Kada ku ce rashin sani ne. Na san abin da nake yi. An ce za a bar mutum ɗaya a biron, kuma muddin katunan nan na raye, Malam Illa ne biron, ni ɗan rakiya. Gida na biyar kuma gidansa ne, shi ya san wa ke da tsohuwa a daji, wa ke ƙarya. Na ga gemun 'yan'uwana ya kama da wuta, maimakon in shafa wa nawa ruwa sai na ɗebe ruwan tsoho na shafa. Ranar ɗaya ga wata aka ɗaure akwatin katunan da igiya aka kai shi ɗakin ajiya, aka mayar da Malam Illa wurin ba da tayoyi. Da zai fita ya ajiye fensirinsa a kan teburina.

A gida kuwa sai murna. An ƙara mini matsayi, mahaifiyarku ta yi waina ta raba wa maƙwabta. Maƙwabcinmu na jikin katanga a gidajen kamfani shi ne Alhusaini. Dogo ne, marar yawan magana, ɗan wajen Gugaram, ya fi shekara goma yana tuƙi bai taɓa kayar da mota ba. Tekna da Rabi kuwa ta kan katanga suke rayuwa, wannan ta miƙa daddawa waccan ta miƙo cuku, suna yi wa juna dariyar Hausa da Tamajak. Ke Hadiza, a bayan Tekna kika koyi barcin rana. Da aka kai musu wainar, Alhusaini ya leƙo ya yi mini barka, ya ce yanzu maƙwabcinsa ya zama mai magana da ƙarfe.

Wata biyu bayan haka, wata safiyar Litinin, ya zo taga kamar yadda ya saba zuwa wurin Malam Illa. Tare da shi akwai Garba, direban da zai riƙe masa. Alhusaini ya ce da Hausarsa ta Abzin:

"Sanusi, labari ya zo. Rijiyan mu ya ƙafe, tsohuwana yana can shi da awaki, ba mai ɗauko shi. Zan tafi. Garba ya yarda."

Na dubi Garba ya ɗaga kai. Na ce wa Alhusaini ya je, Allah ya kiyaye hanya, ya gaida tsohuwa. Da kunnena na ji dalilinsa, da bakina na sallame shi. Da suka tafi na juya ga na'ura, ga gida huɗu suna kallona. In sa ya zo aiki, ƙarya ce da za ta fito, don lambar Garba ce a kan motar. Hutu ba takarda, ciwo ba takarda. Na sa shi a gida na huɗu, na ce a raina in ya dawo sai mu san dabara. Haka na yi kwana tara, kowace safiya ina danna masa ya ɓace ba dalili, ina shan shayina. Ya dawo da tsohuwarsa da awaki huɗu a bayan wata akori-kura, leɓensa duk ya tsage. Kafin in waiwayi maganar wata ya ƙare, na rufe shi da kaina don ina so darekta ya ga ba na makara.

A cikin waɗannan kwana taran ne aka tare wani ayari a hanya, aka kwashe motoci. Bayan mako biyu masu kaki suka fara bin kamfanoni suna tambayar wa da wa ba sa bakin aiki a makon nan. A da, da sai an kira Malam Illa ya zauna ya juya katuna ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan ya je jana'iza, wannan ya je ɗauko iyalinsa, ga wanda ya riƙe masa a tambaye shi. Yanzu kuwa darekta ya kira ni, na danna, cikin minti biyu takarda ta fito da suna bakwai, tsaf, ba ko ɗigo a bayanta. Har na ji wani daɗi a raina da na ga babbansu ya yi mamakin saurin. Na uku a jerin Alhusaini ne. Mutumin ya karanta, ya ɗago ya dube ni, kuma Allah ya sani tambaya ya yi mini ta gaskiya, ba tarko ba.

"Kai da kake rubuta su kullum, a cikin nan akwai wanda ka san inda ya je?"

Darekta yana tsaye a gefe. In na ce na sani, na tona cewa ni na sallami direba kwana tara ba izini, na kuma tona cewa na'urar da na rantse ta isa ba ta isa ba. Ga shi ni bahaushen Damagaram in tsaya wa Buzu a irin wannan lokaci, me za a ce da ni. Duk wannan ya ratsa kaina kafin in haɗiye yawu. Sai na ji bakina ya ce:

"Abin da na'ura ta nuna ke nan."

Da azahar aka ɗauki Alhusaini a bakin garaji, da shi da sauran shidan. Garba ya bi motar yana cewa shi ya riƙe masa, aka ce masa in yana so ya hau su tafi tare, ya koma. Ba na ganin laifinsa, maganar direba ba ta kai takardar biro ba. Cikin makon kamfani ya kore su duka bisa dalilin barin aiki, kuma abin ya yi wa darekta daidai tunda dama ana neman waɗanda za a rage. Takardar korar ma ni na buga. Aka ba Tekna kwana goma ta bar gidan. Ta koma Bukoki da 'ya'ya huɗu da tsohuwar da aka sha wahalar ɗaukowa, suka kafa rumfa kusa da waɗanda a da take kai wa sadaka.

Mahaifiyarku ta hana ni sakat. Ta ce ai kowa ya san inda Alhusaini ya je, ita da kanta ta dama wa tsohuwar kunu ranar da suka iso, ta ce in je in faɗa. Na ce mata abin ba haka yake ba, harkar hukuma ce, sai a hankali. Ta ce wace irin hankali, mutum yana ɗaure. Na yi mata tsawa na ce ta san tuwo ta bar mini ofis. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai ta bakinku, ku gaya wa babanku abinci ya sauka. Rana ta uku, don in samu lafiya, na ce mata na je, na yi magana da babbansu, an ce ana dubawa. Fuskarta ta washe, ta ɗauki gyale ta tafi Bukoki ta gaya wa Tekna. Daga nan duk mako sai ta tambaye ni, ni kuma in ƙara wani abu, yau na je ban same shi ba, yau an ce in dawo Alhamis. Har ƙwai take soya mini ranar da na ce zan je, wai kada in tsaya gaban manya da yunwa, kuma ina ci.

Wanda ya je da gaske Malam Illa ne. Ya bar tayoyinsa ya yi ta sintiri, yana rantsuwa a kan mutanen da ya sani shekara da shekaru. Ya sa aka kwance akwatin katunan ya kai katin Alhusaini, ya nuna musu bayansa, tafiya shida cikin shekara goma, kowacce da dalilinta da mai riƙonta. Suka ce sun gani, amma na wannan watan fa? Na wannan watan babu, don ni na tsayar da katin. Wata rana bayan la'asar ya same ni a ƙofar masallaci ina neman takalmina.

"Ɗana, shaida guda suka so, wanda yaj ji da kunne nai. Garba ya ce kai ka zaune ga taga ran nan. Mu tahi gobe, ni ka magana, kai ka ce i kawai."

Na ce masa gobe. Goben nan har Malam Illa ya rasu ba ta zo ba. Bai sake tambayata ba, bai kuma gaya wa kowa ba, ko da labari ya kai masa cewa wai ni ke ta faɗi-tashi a kan Alhusaini. In mun haɗu yakan gaishe ni da fara'a ya tambayi yara, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan wata goma sha ɗaya, da abubuwa suka ɗan lafa, aka sako su. Tsohuwar ba ta ga dawowarsa ba. Shi kuma ya fito da kunnen hagu a mace, na dama yana ji sama-sama. Ya zo taga neman takardar shaidar aiki don ya nemi tuƙi a hanyar Assamakka, na danna, ta fito da shekarunsa goma sha ɗaya, a ƙasa kuma an rubuta an sallame shi don ya bar aiki ba dalili. Bai iya karatun boko ba. Ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya zuro hannu biyu ta taga ya kama nawa, ya ce Tekna ta gaya masa duk zirga-zirgar da na yi, Allah ya saka. Na ce masa ba komai. Takardar nan ta hana shi aiki a wuri uku kafin wani ya karanta masa ita, ya ce lalle ƙarfen ne ba shi da imani. Ni kuwa aikin da na sayar da Alhusaini dominsa, shekara huɗu kawai na ƙara a kai kamfanin ya rufe.

Sau ɗaya na gwada faɗa masa. Shekara shida da suka wuce na je Agadez, inda ya zauna da ɗan lambunsa, na same shi a ƙarƙashin rumfa da 'ya'yansa da jikoki. Na matsa kusa na yi ƙasa da murya na gaya masa duka, tun daga gida na biyar har tambayar da aka yi mini. Yana kallon bakina yana murmushi yana ɗaga kai, yana zuba shayi. Ashe kunnen daman ma ya tafi. Da na gama ya dafa kafaɗata ya ce wa jikokinsa su dubi mutumin nan da kyau, shi ne ya fitar da kakansu. Abin da ya rage in ɗaga murya yadda kowa a rumfar zai ji. Na karɓi shayin na sha, kofi uku, na yi sallama.

Na rubuta wannan da niyyar ku same shi a akwatina bayan raina. Sai na ga mahaifiyarku na da haƙƙin ji daga bakina, tunda da bakinta na yi ƙaryar. Jiya da hantsi na zaunar da ita na karanta mata. Tana tsince shinkafa lokacin da na fara, ban san sa'ad da ta ajiye faifan ba. Da na kai ƙarshe ban iya dubanta ba.

"Shekara talatin ina karɓar godiyar matar nan," in ji ta. "Har cewa nake ta daina, ai yi wa kai ne."

Na ce ta yafe mini. Ta ce wannan maganar tamu ce, muna da lokacinta, amma ba 'ya'yanmu ne ya kamata su fara jin wannan takarda ba. Ta ce Alhusaini ba ya ji, amma Tekna tana ji, 'ya'yansa kuma sun yi lakwal. Ta tashi ta karkaɗe zanenta, ta leƙa zaure ta aika a tambayo mata ranar da motar Agadez ke tashi.

Laraba ce. Ta ce a yanko wuri biyu, kuma ni zan karanta, a tsaye, da ƙarfi.